Ƙwayar da Nake Kiwo a Kwalba

A shekarar da nake karatun digiri na biyu, kalma guda ta kusa kwantar mini da uwa. Ƙwaya ce, wadda muke faɗa a unguwarmu ta Zongo kullum ba tare da mun kula ba: ƙwayar masara, ƙwayar ido, ƙwayar magani. Sai kuma ɗaya ƙwayar, wadda idan aka ambace ta a tsakar gida mata kan rage murya su waiga su ga ɗan wa ke wucewa.

Mu uku ne a ɓangarenmu na gidan haya, Mma da Yaya da ni. Babanmu ya zo Kumasi daga Nijar yana saurayi, ya yi fataucin goro har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu ina ƙarami. Mma ke dama koko tana suyar ƙosai a ƙofar gida, kuma murhunta ne ke fara kamawa a layinmu. Yaya fita ne, wato makanike, a Magazin, unguwar garejoji da ke Suame, yana gyaran manyan motoci, shi ya bar makaranta don in ci gaba da tawa. Ɗaki ɗaya muke kwana, katifarsa a jikin taga, tawa a bakin ƙofa. Da yake ɗan fari ne, Mma ba ta kiran sunansa, ba ta zura masa ido, idan za ta ba shi abinci ma sai ta ajiye ta kau da kai ta ce in gaya wa wancan tuwonsa na hucewa. Ni auta, ni ake ƙare wa kallo tun daga gashin kai har farcen ƙafa. Kuma Mma na da hawan jini, irin wanda ma'aikatan asibitin da ke wajen Bantama suka ja mana kunne a kansa, suka ce a kiyaye ɓacin ranta.

Aikina a jami'a a kan tsutsar da ke cinye masara ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama tsutsar ita kaɗai, ba ta taɓa mutum, ba ta taɓa akuya. Idan ta shiga cikin ƙwayar halittar tsutsar, ba ta zuwa da komai sai rubutaccen umarnin da ta gada. Ƙwayar tsutsar ce da kanta za ta karanta layin farko, ta ƙera wani furotin. Wannan furotin na farko shi ne ɗan ta'adin. Yana zuwa ya zauna a wasu wurare a jikin umarnin, ya jawo ma'aikatan ƙwayar tsutsar, ya sa su karanta layuka na gaba. Waɗannan su haifi wasu furotin, su kuma su kunna na gabansu, har a wayi gari ƙwayar ta manta da nata aikin tana yi wa baƙo bauta. Ni abin da aka ɗora mini shi ne in gano wane sashe na furotin ɗin farko ne ke yin kunnawar. Ina gutsure masa nan, in gutsure can, in zuba a kan ƙwayoyin tsutsa da muke kiwo a kwalabe, waɗanda aka saka musu alama: in an kunna su, sai su yi haske kore a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Abokin aikina ɗan arewa ne, daga wajen Bolga, a tasha ya koyi Hausa, komai namiji ne a bakinsa har kaza. Don kada sauran 'yan lab, wato ɗakin gwaje-gwajenmu, su ji gulmarmu, da Hausa muke magana, kuma tun da wuri muka gaji da dogayen sunaye. Ƙwayar halitta ta zama ƙwaya. Ƙwayar cuta ma ta zama ƙwaya. Mu dai mun san wadda muke nufi.

Lokacin nan dumso ya matsa, a ɗauke wuta a kawo a sake ɗaukewa. Ƙwayoyin tsutsa ba su da fitina, zafin ɗaki ma ya ishe su, amma idan ɗakin ya zama tanda sai su mutu. Nawa sun mutu, na sake, suka sake mutuwa. Na rame, wuyan rigata ya yi mini yawa, idanuna suka yi ja saboda zaman ɗakin duhu ina leƙen madubi, ga ni da saurin fushi ko gaisuwa aka yi mini da yawa. Wata safiya ina tsugune a bakin famfo ina wanke baki, Mma na tace gasara a bayana, abokin nan ya kira ni.

"Chale, kwaya naka duka ya kare fa," in ji shi.

Na miƙe tsaye. "Duka? Kai, na shiga uku. To ka raba mini taka mana. Ko kaɗan ce, in samu ta yau. Wallahi in ban samu ƙwayar nan ba kaina zai fashe."

"Nawa ma ba shi da karfi koraa."

"Ko ba ƙarfi ka ajiye mini. Kada ka gaya wa kowa tukuna, ina zuwa yanzu."

Na kashe waya na ɗauki jaka na fita. Na ji matacin ya daina motsi a bayana, amma ban waiga ba, hankalina na kan kwalabe.

Daga ranar Mma ta canza. Matar da ba ta barina in wuce ba ta tsokane ni ba, mai kirana likitan tsutsa a gaban masu sayen koko, ta yi shiru. In na dawo sai ta karɓi jakata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga da ita ɗakinta wai za ta goge ƙura. Ta fara kawo mini rubutu a kofin silba daga wani malami a Aboabo, ta tsaya a kaina sai na shanye. Na ɗauka addu'ar jarrabawa ce. Sai ƙafafunta suka fara kumbura, tana dafe ƙeya, ƙosai na ƙonewa a kasko tana kallon wuri ɗaya. Gabana ya fara faɗuwa, don na san abin da dafe ƙeyar nan ke nufi, amma in na tambaye ta sai ta ce ba komai, hayaƙi ne.

Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke sayar da atamfa a kasuwa, ita ta fasa mini. Ta tare ni a lungu bayan la'asar, ta ja hannuna ta kai ni bayan wani kiyos.

"Kai yanzu duk karatun nan, tramol za ka ƙare a kai? Ka ga abin da ka mai da uwarka?"

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Ta daka mini tsawa. Ta ce Mma ta ji ni da kunnenta ina roƙon ƙwaya a waya kamar zan yi kuka. Dariyata ta ƙaru, na fara ce mata ai ƙwayar tsutsa ce, sai ta katse ni.

"Ita ma wadda ta tsinta a ɗakinku ta tsutsa ce? Ta shiga shara ta ɗaga tabarma ta ga fankon ledarta, an ɓalle duka. Ta kai wa mai kemis ya karanta mata."

Nan dariya ta ƙare. Na san ban taɓa saka abin nan a bakina ba, kuma ɗakin ba otal ba ne.

Washegari ban je jami'a ba, na hau trotro, motar haya, zuwa Suame. Na samu Yaya a ƙarƙashin wata tirela, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya fito na dube shi irin duban da ban yi masa ba shekara da shekaru, saboda kullum ina ganinsa. Leɓɓansa sun bushe, yana sosa hannu ba ƙaiƙayi, ido a lumshe da rana tsaka. Na ja shi bayan tarin tayoyi na gaya masa. Bai musa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Bayana ne," ya ce. "Tun da injin nan ya danne ni. In ban sha ba ba na iya ɗaga ko sifana. Zan daina, wallahi ina ragewa."

"Mma tana ganin ni ne."

Ya goge hannu da tsumma mai baƙin mai. "Ka bar ta a haka tukuna, don Allah. Kai auta ne, za ta yi faɗa ta huce. In ta ji ni ne, ka san ba za ta tashi ba. Ka ba ni lokaci kaɗan."

Na so in kwaɗa masa mari, yayana da ya goya ni. Na zage shi a raina har na isa bakin titi, sannan na tsaya ina haki, don na san rabin maganarsa gaskiya ce. Mma ba ta kallonsa, amma a kansa ta jingina gidan gaba ɗaya. In na wanke kaina, ledar nan ba za ta ɓace ba, sai ta koma kan mai ita. In na yi shiru, tana nan tana narkewa a kaina. Ko ta ina na juya, jinin Mma ne ke hawa.

Na yi kwanaki ina yawo da abin nan a ƙirji. Abinci ba ya wucewa, wanda ya ƙara mini rama, ramar kuma ta ƙara mata tabbaci. Duk wayar da ta shigo ina lab sai in ji kamar Gwaggo ce za ta ce in zo asibiti. Sai na yi wata dabara ta wawa, na ce bari in rage mata nauyin rabi: in nuna mata maganar waya ta aiki ce, in bar zancen leda a rufe. Na same ta da yamma tana tsince wake, na zauna a kan turmi kusa da ita.

"Mma, ƙwayar da kika ji ina faɗa, ta wurin aiki ce."

Ba ta ɗago ba. "Wurin aiki ake ba ku?"

"A'a, kiwonta muke yi. Wata 'yar ƙaramar aba ce. In ta shiga jiki, sai ta fara da abu guda ɗan kaɗan, shi kuma ya kunna wani, wani ya kunna wani. Jikin da ta shiga sai ya bar aikinsa ya koma yi mata aiki. A ƙarshe tsutsar ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ta hau can ƙololuwar kara ta mutu a can."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Duk wanda ya zauna a Zongo ya ga yaran da ƙwaya ta ci, da za a ce ya kwatanta su, da kalmomin nan zai yi. Mma ta ajiye faifan a hankali. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

"Ashe ka san abin da take yi," ta ce. "Ka sani, kake sha."

Kwana kaɗan bayan haka jiri ya ɗebe ta a gaban murhu da safe. Allah ya sa wata maƙwabciya na tsaye da kwanonta, ta tare ta kafin ta faɗa kan mai. A asibiti suka ƙara mata magani, ma'aikaciyar ta dube ni ta ce me ke damun tsohuwar nan a gida. Yaya na tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa, kansa a ƙasa. Na jira ya yi magana, har muka dawo gida bai yi ba. A nan na yanke shawara. Ban san abin da gaskiya za ta yi mata ba, amma ƙaryar na ga abin da take yi da idona.

Na roƙi shugabar lab ɗinmu, wata farfesa Ba'asantiya mai faɗa da kirki a haɗe, ta ba ni izini in kawo uwata. Da Mma ta ɗan ji ƙarfi, na ce ta shirya za mu unguwa. Ta saka mayafinta na zuwa suna, ta bi ni ba ta tambaya ba. Ina jin ta ɗauka wurin masu magani zan kai kaina, don a trotro ta riƙe gefen rigata kamar zan tsere.

Farfesa ta tarbe ta da yarensu na Tuwi, suka gaisa kamar tsoffin ƙawaye, Mma ai ta fi ni iya Tuwi, a kasuwa ta girma. Aka saka mata farar riga a kan mayafi. Abokina ya rusuna ya gaishe ta, ya ɗauko kwalba mai ruwa ja-ja a ciki ya ɗaga ta wajen haske.

"Mma, ga kwaya na yaronka. Yanzu ya yi lafiya paa."

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. "Ruwa ne."

"Suna ciki, ido ba ya ganinsu," na ce. "Zo ki gani."

Na kai ta ɗakin duhu, na zaunar da ita, na nuna mata inda za ta sa ido. A makon nan ne aikina ya fara kamawa, bayan duk wahalar. Na fara sa mata faranti na farko, wanda na gutsure wa furotin ɗinsa kai. Ta ce ba ta ganin komai sai duhu da wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙullin gasara. Na ce su ne ƙwayoyin. Na canza faranti na sa mai cikakken furotin, na murɗa makunni. Ta ja baya da sauri har kujerar ta yi ƙara.

"La'ilaha illallahu! Wa ya kunna musu fitila?"

"Shi ne abin da nake nema tun bara, Mma. Kin ga yadda kike hura wuta da safe, matan gida su zo kowa ta ɗebi garwashi a murhunki ta je ta hura nata? Haka furotin ɗin farko yake. Shi ke fara kamawa, sauran duk a wurinsa suke ɗiban wuta. A farantin farko na cire masa bakin da yake kiran ma'aikata da shi, shi ya sa ko'ina duhu. Wannan kuwa da bakinsa."

Ta sake sa ido, ta daɗe. "To wadda ka ce ta ƙare, kanka zai fashe?"

"Su ne. Zafi ya kashe nawa, na roƙi nasa."

Ta ɗago ta dubi abokina da ke tsaye a bakin ƙofa yana washe baki. Sai ta fashe da dariya, irin wadda na yi wata da watanni ban ji ba, har tana dafe ciki. Ta ce masa Allah ya shirye shi, shi da Hausarsa mai maida uwa namiji, ya kusa kai ta kabari. Ta kama fuskata da hannu biyu a cikin duhun nan, a gaban farfesa, tana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, likitan tsutsa. Ta sa wa kwalabe albarka, ta sa wa farfesa, har injin sanyaya ɗaki bai tsira ba. Ni kuwa murmushin yaƙe nake yi, don na san lissafin bai ƙare ba, kuma Mma ba ta taɓa barin lissafi a rabi.

A trotro ta yi ta surutu. Ta ce za ta gaya wa Gwaggo ta iya bakinta, za ta yi sadakar ƙosai ranar Juma'a, za ta ce wa malamin Aboabo ya huta. Ta gaya wa matar da ke gefenta, wadda ba ta san ta ba, cewa ɗanta na kiwon fitilu a cikin ruwa. Ina kallon taga ina ƙirga shaguna a raina don kada in kalle ta. Can wajen da go-sulo ya riƙe mu, maganarta ta fara raguwa. Ta yi wata rabin jimla a kan man gyaɗa, ba ta ƙarasa ba. Na ji hannunta ya sauka a kan gwiwata, ya yi nauyi.

Muka iso inda muke sauka. Met, wato yaron motar, ya buga ƙofa yana kallonmu, don ya ji mun ce Zongo. Na yunƙura, ta danne gwiwata.

"Mu wuce Kejetiya," ta ce masa da Tuwi. Can ne babbar tashar da ake hawa motar Suame.

Motar ta tashi. Ina kallon jijiyar wuyanta tana bugawa a ƙarƙashin mayafi, ina tuna ko ta sha maganinta na rana, ina auna nisan asibitin Bantama daga inda muke.

"Ka san shagon da yake aiki?" ta ce, ba ta dube ni ba.

"Na sani, Mma."

"To kai ni."

"Mma, ki bari sai gobe. Jikinki..."

"Jikina," ta ce, kamar kalmar baƙuwa ce. Ta gyara mayafinta. "Ɗazu da na ga ba kai ba ne, na yi murna. Allah ya yafe mini, na yi murna har na yi dariya a gaban mutane. Sai yanzu na tuna 'ya'ya biyu na haifa."